Daga fili zuwa gaban abin magana: muhawara kan Gary Lineker da tsofaffin 'yan wasanmu

Malamin Firamare, Taura:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Daren jiya bayan an tashi daga kallo na tsaya a teburin mai shayi, sai na tarar da samari biyu suna musu a kan Gary Lineker. Ɗaya yana cewa ɗan jarida ne kawai da ya daɗe yana gabatar da shirin ƙwallo a BBC, ɗayan kuma yana cewa ya taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa mutumin ya buga wa Barcelona, amma ba shi da tabbas. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta, domin ban taɓa zaton za a zo lokacin da aikin bakin mutum zai rufe aikin ƙafarsa har haka ba.

An haife shi a garin Leicester na Ingila a 1960. Mahaifinsa mai sayar da kayan marmari da kayan lambu ne a rumfar kasuwa, kamar dai masu kayan gwarin da muke gani a Gujungu, kuma yana yaro ya sha taya shi tsare rumfa. Ya fara da Leicester City, ya koma Everton a 1985 inda ya ci ƙwallo 40 a kaka ɗaya, sannan a gasar Kofin Duniya ta Meziko a 1986 ya ci 6 ya karɓi takalmin zinare. Daga nan Barcelona ta ɗauke shi, kuma a watan Janairun 1987 shi kaɗai ya zura wa Real Madrid uku. Ya dawo Ingila ya shiga Tottenham a 1989, ya ɗauki kofin FA da su a 1991, ya ƙarasa a Nagoya ta Japan inda ya jingine takalmi a 1994. Ya ci wa Ingila ƙwallo 48 a wasa 80, kuma tsawon rayuwarsa ta wasa alƙali bai taɓa ɗaga masa kati ba, ko na gargaɗi ko ja.

Ya yi kimanin shekara 16 yana wasa, amma ya yi 26 yana gabatar da Match of the Day, babban shirin ƙwallo na talabijin ɗin BBC, daga 1999 zuwa 2025. Ra'ayina shi ne wannan sana'a ta biyu ba sunansa ne ya ba shi ita ba, koyonta ya yi kamar yadda yaro yake zama a gaban tela. Kuma ina ganin rashin wannan koyon ne ya sa tsofaffin 'yan wasanmu da yawa suke komawa gida ba su da abin riƙewa, alhali gidajen rediyonmu cike suke da masu sharhin da ba su taɓa shiga fili ba. Ina neman ra'ayinku.

Mai Gidan Kallo, Gujungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kawo magana mai kyau, amma ban yarda da rabinta ba. Da a ce bai ci ƙwallayen nan ba, wa zai buɗe masa ƙofar BBC tun farko? Suna ne ya shigar da shi. Ni da nake zaune da 'yan kallo kullum ina ganin wannan da idona: idan aka tafi hutun rabin lokaci aka nuno Okocha ko Victor Ikpeba ko Oliseh suna sharhi, benci ba ya motsi, har mai sayar da ruwa yakan tsaya da bokitinsa. Idan kuwa wani baƙo ne da ba a san shi a fili ba, ko da ya fi su iya magana, sai kowa ya fita shan iska, ni ma in rage janareta.

Malamin Firamare, Taura:
Alhaji, ban musa cewa suna ne ya buɗe ƙofar ba. Tambayata ita ce me ya zaunar da shi a ciki shekara 26, alhali akwai waɗanda suka fi shi kofuna da aka gwada su aka sallame su cikin kaka ɗaya ko biyu. Ka tuna cewa shi bai taɓa ɗaukar kofin babbar gasar lig ba a Ingila ko a Sifaniya, kuma bai buga gasar Firimiya ko sau ɗaya ba, domin a 1992 da aka fara ta ya riga ya bar Tottenham. Masu kallonsa na baya-bayan nan da yawa daga cikinsu ba a haife su ba lokacin da yake wasa.

Baba Tsohon Direba, Ringim:
Jikana ne yake rubuta mini, ni kuma ina faɗa masa. Ku yaran yanzu kuna kiran sunan mutumin nan da sauƙi, amma mu da muka ga daren 1 ga Yulin 1990 sunan yana da nauyi a ƙirjinmu. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba, sai a shekarar da ta biyo baya, duk muna cikin Kano. Ana ta shirin Babbar Salla, raguna suna ɗaure a ƙofar gidaje, ga hadari ya haɗo daga gabas. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin gona yana da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, sai na ciro batirin motata muka haɗa, aka ɗora ta a kan turmi da aka kifa, wani yaro yana riƙe da gorar eriya yana juyawa duk lokacin da hoto ya fara yayyafi.

Kamaru da Ingila ne a garin Naples, wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, kuma babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa nan kafin su. Ingila ta fara ci. Bayan hutu aka sako Roger Milla yana da shekara 38, wasa ya juya, Kunde ya rama da fenariti, Ekeke ya ƙara ta biyu. Na rantse muku har matan cikin gida suka leƙo saboda ihu. Saura minti kaɗan a tashi aka kayar da Lineker a cikin da'ira, ya ajiye ƙwallo, ya buga wa N'Kono mai tsaron gidan Kamaru ta shiga. A ƙarin lokaci aka sake kayar da shi, ya sake ci, aka tashi 3 da 2. Babu wanda ya yi magana. Na kwance batirina na ɗauka a ka na tafi gida.

Na yi shekaru ba na son jin sunansa. Amma abin da na riƙe daga daren nan shi ne fuskarsa kafin ya buga, babu rawar jiki ko kaɗan, alhali ƙasarsa gaba ɗaya tana wuyansa. Da jikana ya nuna mini shi a waya bayan shekara talatin, gashi ya yi fari yana magana a gaban kyamara, wannan natsuwar na sake gani. Saboda haka ni ina tsakanin Malam da Alhaji: ya koyi sana'ar, amma zuciyar da ya koye ta da ita daga fili ya taho da ita.

Ɗalibin Aikin Jarida, Jami'ar Bayero:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan labari ya fi abin da muke karantawa a aji. Ina so in raba wasu abubuwa uku da muke haɗawa wuri ɗaya idan muka ce sharhi. Akwai mai kawo wasa kai tsaye, wanda yake bin ƙwallo da baki daga farko zuwa ƙarshe. Akwai mai fashin baƙi, wanda ake tambaya me ya gani kuma me ya jawo shi, irin aikin tsofaffin 'yan wasan Ingila Alan Shearer da Ian Wright, ko su Ikpeba da Alhaji ya ambata. Sannan akwai mai gabatarwa, wanda yake riƙe da linzamin shirin gaba ɗaya. Kusan duk tsofaffin 'yan wasa a kujera ta biyu suke zama, domin ita ce ta fi kusa da abin da suka sani. Lineker kuwa ta uku ya nema, kuma ita ce mai wahala.

Mai gabatarwa yana magana da masu kallo alhali akwai wani abu ƙarami a kunnensa da mai ba da umarni yake ƙirga masa daƙiƙoƙi, yana ce masa saura goma, katse baƙon nan, hoton da muka shirya bai zo ba, ci gaba da magana. Dole ya karanta rubutu daga gilashin kyamara ba tare da an gane karatu yake yi ba, kuma dole ya yi tambayar da ya riga ya san amsarta domin baƙonsa ya haskaka, shi ya koma gefe. Ga mutumin da ya saba filin wasa yana kiran sunansa, wannan komawa gefen ba ƙaramin horo ba ne.

Shi da kansa ya sha faɗa cewa tun yana wasa yakan zauna kusa da 'yan jarida ya ga yadda suke aiki, har abokan wasansa suna yi masa laƙabi da sunan Des Lynam, mai gabatar da Match of the Day wanda daga baya Lineker ya gada a 1999. Da ya bar wasa ba a ɗora shi a babban shirin nan take ba, a rediyon BBC ya fara, sannan ƙananan shirye-shiryen talabijin, kuma a farkon an soki yadda yake magana a sandare. Tsakanin barin wasansa da hawansa babbar kujera shekara 5 ne. Ga wata hujja kuma da ke goyon bayan Malam: da ya tafi, mutum uku aka ba kujerar, Mark Chapman da Kelly Cates da Gabby Logan, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya buga ƙwallon sana'a. Ashe gidan ya san cewa iya aikin ne ake nema kafin komai.

Tsohon Lamba Tara, Jahun:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar ƙanena ɗalibi ta taɓa ni a inda yake ciwo. Na yi shekara tara ina buga wa wata ƙaramar ƙungiya, gwiwata ta lalace a wani wasa, aka ɗauke ni a babur aka kai ni wurin mai ɗori, kuma daga ranar babu wanda ya sake nemana, har kuɗin da nake bi ya bi ruwa. Yanzu noman riɗi nake yi, da rani kuma in yi faci a bakin titi, alhamdu lillahi.

Shekara uku da suka wuce wani gidan rediyo ya gayyace ni shirin wasanni, domin wani abokina ya ba da sunana. Na yi wanka na sa sabuwar shadda na tafi. Aka shigar da ni wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, bangonsa duk soso, aka ɗora mini abin ji a kunne, wata jar fitila ta kama. Mai gabatarwa ya tambaye ni me ya sa aka ci ƙungiyar da aka ci a ranar Lahadi. Wallahi na san amsar fiye da kowa a ɗakin. Na ga lamba biyunsu yana hawa ba ya dawowa, na ga lamba huɗu ba ya rufe masa, na ga tun minti na ashirin lamba sha ɗayan abokan hamayya ya gane ramin yana ta faɗawa ciki. Amma da na buɗe baki sai na faro daga nesa, ina ta kewaye, shi kuma yana ɗaga mini yatsu yana nuna agogo, kafin in iso kan lamba biyun ya ce mun gode, za mu je talla. Ba a sake kirana ba.

A hanyar dawowa a mota na yi ta maimaita amsar a zuciyata, kafin mu iso Kiyawa na tsara ta cikin jimla uku masu kyau. Da akwai wanda ya zaunar da ni ko na kwana biyu ya ce mini fara da abin da ka gani, sannan dalili, sannan ka yi shiru, da na iya. Saboda haka Malam gaskiya ya faɗa. Sani daban, iya faɗa daban, kuma mu babu wanda ya koya mana na biyun.

Mai Gidan Kallo, Gujungu:
Allah sarki, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Na janye rabin abin da na faɗa.

Malama Mai Koyar da Hausa, Ringim:
Ina neman izinin shiga, ko da yake ba a cika jin mata a irin wannan zance ba. Kada ku ɗauka maza kaɗai ne suke sauraron wasa, domin ranar Asabar idan ana kawo gasar Firimiya da Hausa a rediyo, a madafi nake saurare ina tuƙa tuwo, tare da 'ya'yana mata. Abin da ya dame ni shi ne harshen. Waɗanda suka riga mu sun yi aiki mai kyau, sun ba mu satar gida, da bugun tazara, da bugun kusurwa, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda duk wanda ya ji shi ya ga hoton abin ko da bai taɓa kallo ba. Amma yanzu sai ka ji yaro ya yi minti biyar a rediyo, rabin kalmominsa Turanci ne da ya kwaso daga talabijin, tsohon da ke ƙauye bai amfana da komai ba.

Lineker da harshen uwarsa yake aiki, shi ya sa yake iya wasa da kalmomi yadda ya so. Kuma da ya je Barcelona ya zauna ya koyi Sifaniyanci har yana hira da shi, wanda ya nuna mutum ne da ya ɗauki harshe da muhimmanci tun yana wasa. Muna da Tijjani Babangida da ya buga wa Ajax, da Garba Lawal, da Daniel Amokachi, duka Kaduna ta rene su, ga Ahmed Musa da ya ci wa Najeriya ƙwallo 4 a Kofin Duniya. Abin da waɗannan suka gani a ɗakin sauya kaya na Turai, idan suka zauna suka warware shi da Hausa tsantsa a kai a kai, taska ce da ba mu da irinta.

Baba Tsohon Direba, Ringim:
'Yata Malama ta tuna mini da Segun Odegbami. Mu ma muna da namu, ba sai Ingila ba. A Jos ya tashi, ya buga wa Shooting Stars ta Ibadan, kuma a 1980 da Najeriya ta fara ɗaukar Kofin Afirka a Legas, zamanin Shagari, shi ya ci biyu daga cikin ukun da aka zura wa Aljeriya. Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya ne ya raɗa masa laƙabin da ya bi shi, saboda yadda yake auna ƙwallo kamar mai lissafi. Da ya bar wasa ya koma rubutu a jarida da shirya shirye-shiryen talabijin, kuma har yau ana jin muryarsa. Abin da ya taimake shi shi ne ya yi karatun injiniya a Ibadan tun yana wasa. Ku kwatanta da Rashidi Yekini, wanda ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya a 1994, yadda ya ƙare kwanakinsa a kaɗaice har ya rasu a 2012. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Maigatari:
Amin. Amma duk kun bar babban abu a baya. Ni ban damu da ƙwallayensa ba, abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne yana karɓar sama da fam miliyan ɗaya a shekara, yana cikin waɗanda suka fi kowa albashi a gidan, amma bai kama bakinsa a kan Gaza ba, har aikin ya tafi. Nawa ne a cikin masu suna za su iya haka?

Ɗalibin Aikin Jarida, Jami'ar Bayero:
Kawu, maganar tana buƙatar a daidaita ta, domin abubuwa biyu ne daban. A watan Maris na 2023 ya soki tsarin gwamnatin Birtaniya kan masu neman mafaka da ke shiga ƙasar a ƙananan jiragen ruwa, ya kwatanta kalaman da aka yi amfani da su da na Jamus a shekarun 1930. BBC ta dakatar da shi, domin da kuɗin lasisin talabijin da gidaje suke biya ake tafiyar da ita, kuma tana da ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare. Sai Wright da Shearer suka ce su ma ba za su shiga ba, masu kawo wasa suka bi sahu, aka nuna shirin na minti 20 kacal babu mai gabatarwa babu sharhi. Cikin kwanaki aka dawo da shi.

Na watan Mayun 2025 kuwa daban ne. Ya yaɗa wani saƙo a Instagram kan Sahayoniyanci, wato aƙidar kafa ƙasar Yahudawa, wanda ke ɗauke da hoton ɓera, kuma ɓera alama ce da 'yan Nazi suka yi amfani da ita wajen wulaƙanta Yahudawa. Ya goge saƙon, ya ce bai lura da hoton ba, ya nemi afuwa a fili. An riga an sanar tun 2024 cewa zai bar Match of the Day a ƙarshen kakar, amma da shi aka shirya gabatar da Kofin Duniya na 2026, sai wannan ya sa ya bar gidan gaba ɗaya bayan shirin 25 ga Mayu. Tausayinsa ga mutanen Gaza ba a ɓoye yake ba, kuma ni ma ina girmama shi a kan haka, amma saƙon nan kuskure ne, kuma mutumin da ya yi shekara 30 a aikin ya kamata ya duba abu da kyau kafin ya tura wa miliyoyin mutane.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Maigatari:
Ban san batun hoton ba, ɗana, na gode da ka warware. Neman afuwar daidai ne. Amma ina nan a kan cewa da ya yi shiru tun farko babu wanda zai sa masa ido haka.

Malamin Firamare, Taura:
Wannan gaskiya ne, Alhaji, kuma akwai abin da ya ba shi ƙarfin yin maganar. Tun kafin ya bar BBC yana da hannu a kamfanin Goalhanger mai shirya shirye-shiryen sauti na intanet, inda yake nasa shirin ƙwallo tare da Shearer da Micah Richards. Wato ranar da ya fita daga gidan wani, nasa gidan a gine yake. Mu a nan ba ma buƙatar ɗaki mai soso kafin a fara, waya da murya mai tsari sun isa, kuma wannan ne ya dawo da ni kan ɗan'uwanmu na Jahun.

Mai Gidan Kallo, Gujungu:
Malam ka riga ni. Lamba Tara, ina da amsa-kuwwa ƙarama da nake sanar da wasannin gobe da ita. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, kuma sharhin Turancin da ake yi a lokacin rabin mutanena ba sa ji. Idan ka yarda, ranar Asabar zan rage sautin talabijin in ba ka minti biyar, ka tsaya a gaban allo ka faɗa musu abin da ka gani. Kuɗin motarka zuwa da komawa a wuyana.

Tsohon Lamba Tara, Jahun:
Na karanta saƙonka sau uku, Alhaji. Na yarda, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, a ba ni wurin zama a bencin gaba tun kafin a take wasa, da takarda da biro, domin ba zan yi magana a kan abin da ban gani da idona ba. Na biyu, ƙanena ɗalibi ya kira ni daren Juma'a ya saurari yadda zan tsara jimlolin, ya riƙe mini agogo. Idan wani ya ɗauki muryar a waya a tura wa Malama, duk kalmar Turancin da ta ji ta rubuto mini Hausarta kafin Asabar ta gaba.

Malama Mai Koyar da Hausa, Ringim:
A turo, zan saurara bayan sallar isha'i.

Ɗalibin Aikin Jarida, Jami'ar Bayero:
Yaya, zan kira ka ƙarfe tara na daren Juma'a in sha Allahu. Kafin nan ka rubuta mini amsar nan ta lamba biyu da ka tsara a mota, jimla ukun, da ita za mu fara gwaji.